Amsar Gwaggo Kan Fentin Ɗakin Amarya

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce kina son a yi wa falonki da uwar ɗaka fenti kore mai sanyi, irin launin garin kuka, amma innoninki sun ce ɗakin amarya fari aka san shi, kina tambaya ko al'ada ta hana.

Ba ta hana ba. Farin da suke riƙe da shi asalinsa farar ƙasa ce, don ita ke samuwa da araha: a gama yaɓe, a jiƙa ta, a shafe bango. Masu hali ba su tsaya nan ba, sukan sa shuni da jar ƙasa, magina su fitar da dagi a jikin bango. Ki leƙa gidan tarihin nan na Jos da aka buɗe a 1952, ɓangaren gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi masallacin Zariya, ki ga aikin magina. A zamaninmu ma wa ke ganin bangon amarya? Jere ya rufe shi, kwanoni da tasoshi da fanteka tun daga ƙasa har kusa da rufi. Ku da kuka bar bango a fili, dole launinsa ya zama abin shawara. Kore kuwa ba baƙonmu ba ne. Ƙubbar masallacin Manzon Allah (SAW) a Madina koriya ce, kuma Alƙur'ani ya siffanta tufafin 'yan Aljanna da kore.

Inda al'ada ke da ta cewa shi ne wa ke da alhakin aikin. Gyaran gida da fenti na ango ne, kayan ɗaki na iyayenki. Kada ki tura mai fenti gidan mutane kamar an gaza. Ki faɗa wa angon cikin ladabi, ko ki bi ta wajen yayarsa, ya zama daga hannunsa abin ya fito. Sannan ki sanar da masu sayen labule da kujeru tun da wuri, kada ranar jere a tarar da jan labule a kan koren bango, rai ya ɓaci a banza. Ruwan madara ko ruwan ƙasa sun fi dacewa da shi, haka ma gadon katako.

Ki kuma tuna garin da kike. Daminar Jos doguwa ce, daga Afrilu har Oktoba, ga hadari ga sanyi. Ɗaki mai ƙaramar taga, in koren ya yi duhu, sai ya ƙara masa sanyi da ƙunci. A shafa kaɗan a kusurwa a bari ya bushe, ki dube shi da hantsi, da la'asar, da dare a hasken ƙwan lantarki, kafin a sayi bokiti. Silin a bar shi fari. In ginin sabo ne, a jira siminti ya bushe sarai, in ba haka ba fentin zai kumbura ya riƙa ɓarewa. Kicin a yi masa fentin mai, don ya gogu.

Maganar innoninki ki bar mini. Zan shiga unguwar Gangare ranar Juma'a bayan an sauko, in sha Allah, mu zauna da su.