Tambaya da Amsa: In Tsaya wa Ɗana a Banki Kan Bashin Gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ma'aikacin gwamnati ne, ya samu gida a Asokore Mampong, yankin Kumasi a Ghana, a kan sidi 600,000. Banki ya ce ya kawo kashi 20 cikin 100, ya kuma kawo wanda zai tsaya masa. Ina da ɗan abin da na tara, takardun gidanmu na Aboabo ma suna hannuna. Yana da mata, yana da ƙanne huɗu. Yaya zan yi?
Wani uba, Kumasi

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Takardun Aboabo dai a mayar da su cikin akwati. Ranar da ka jinginar da gidan, kwanan iyalinka ya rataya a kan albashin mutum ɗaya, kuma doka ta ba banki damar sayar da abin da aka jinginar masa idan biya ya tsaya.

Tsayawa ma ba shaidar hali ba ce. Dokar kwangila ta 1960 ta ce sai a rubuce take ɗaure mutum, to amma da zarar ka sa hannu, bashin yana iya dawowa kanka. Yawancin takardun banki an tsara su ne yadda za a iya zuwa wurinka kai tsaye, ba sai an gama da yaron ba. Idan babu makawa, lauyanka, ba na banki ba, ya karanta takardar, ya nemi a rubuta iyakar kuɗin da ka tsaya a kai, da cewa wannan bashin kaɗai ne, ban da wanda zai ci nan gaba.

Mu dai mun fi son ka taimaka da kafin alƙalamin, wato sidi 120,000 ko abin da ya sawwaƙa, gwargwadon abin da ba zai taɓa cefanenka da kuɗin asibiti ba. Kafin nan ya tambayi masu riƙe da fanshonsa: dokar fansho ta 2008 ta yarda ma'aikaci ya yi jingina da ajiyarsa ta mataki na biyu, wato kason fansho na dole da kamfanoni masu zaman kansu ke riƙewa, don sayen gidan da zai zauna. Sau da yawa wannan yana rage wa uba nauyi.

Sai babbar magana: kyauta ce ko rance? A yanke yau, a rubuta, da shaidu biyu. Idan rance ne, a faɗa wa banki gaskiya, domin zai shiga lissafin abin da albashin zai iya ɗauka. Idan kyauta ce, ka tuna hadisin Nu'umanu ɗan Bashir kan daidaita 'ya'ya wajen kyauta, ka tara ƙannen ka sanar da su da bakinka. Rigimar gado da yawa a Zango daga nan take farawa: wani ya ce Baba ba shi ya yi, wani ya ce ajiya ce.

Batun surukarka kuma. Dokar filaye ta 2020 tana ɗaukar fili ko gidan da aka saya cikin aure a matsayin na miji da mata, sai dai in takardar ta faɗi akasin haka, kuma ba a sayarwa ko jinginarwa sai da rubutaccen izinin ɗayan. In kana son kaso a gidan, sunanka da kasonka su shiga takardar tun farko.

Kada sisi ya fita sai an yi bincike a Hukumar Filaye. Galibin filayen Kumasi na sarauta ne, haya ake bayarwa ta shekaru, don haka a duba shekara nawa suka rage, da amincewar ofishin filaye na Asantehene, Sarkin Asante. Hukuncin kuɗin ruwa kuwa, a zauna da malami tun kafin sa hannu.

Mai karɓar albashi da sidi ya guji bashin dala. A 2022 dala ta tashi daga kusan sidi 6 zuwa sama da 13, biyan wata ya ninka, albashi yana nan inda yake. Ka kuma nemi ganin takardar inshorar rai da ta gobara, ka tabbatar ana sabunta su kowace shekara.