Neman labarin kakanka, hafsan igwa a sojan Faransa

Malam, kana tambayar inda za ka gano yadda kakanka ya rasu a yaƙin 1939 zuwa 1945. Fara da shafin intanet na Mémoire des hommes, na ma'aikatar sojan Faransa. Kyauta ne, yana ɗauke da sunayen waɗanda suka mutu a yaƙin, da bataliyarsu da ranar rasuwa. Cikakken kundin mamacin kuma yana birnin Caen (ana furta shi Kan), a yankin Normandi na ƙasar Faransa.

Sai dai Turawa sun ɓata rubutun sunayenmu. Ni kam nawa kakan, Abdu ɗan Tibiri, sai da na gwada rubutu iri uku. In tsofaffin gidanku sun adana takarda mai lambarsa ta soja, ka huta.