Amsar tambayarka kan bogambiliyar da ta ƙi fure

Toh ɗana, naga saƙonka. Kace tukwanen bogambiliya da na bar maka kana basu ruwa safe da yamma, ka kuma zuba musu yuriya, sunyi kore shar amma ko fure ɗaya babu, shine kake tambaya ko takin ne bai isa ba. A'a, gatan ne yayi musu yawa.

Ita wannan fulawar asalinta daga Kudancin Amurka take, wajajen Brazil, kuma sai taji ƙishi take fure. Baka lura daga hunturu zuwa bazara ne take rufe katangun mutane da ja da ruwan hoda ba, da damina kuwa sai ganye? Don haka ban ruwan safe da yamma ɗinnan ka ajiye shi. Ka tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu, in kaji danshi ka wuce abinka, in kuwa ta bushe ko kaga ganyen saman ya ɗan langaɓe, toh ka bata ruwa sosai har ya fito ta hujin gindin tukunya sannan ka ƙyale ta. Da zafin Maris da Afrilu ƙaramar tukunyar ƙasa zata iya neman ruwa kullum, ta roba kuwa tana riƙe danshi, kar kayi musu kuɗin goro. Kuma dan Allah ka cire farantan da ke ƙarƙashinsu, saiwarta siririya ce kamar gashi, in ta kwana a ruwa ruɓewa take, ganye yayi rawaya ya zube kai kuma kace ƙishi ne ka ƙara ruwa, shikenan an rasa ta. Damina na sauka ka ɗora su kan bulo.

Yuriya kam masara ake bawa, ita bogambiliya ba abinda zai ƙara mata sai ganye da dogon reshe. Ka dakata da taki na wata guda tukuna, bayan nan NPK 15-15-15 cokalin shayi ɗaya ya ishi matsakaiciyar tukunya duk wata, ka barbaɗa a gefe nesa da gindin, kuma sai ƙasa na da danshi, a busasshiya ƙona saiwa yake. Ɗanyen kashin kaji kar ma ka kusanto dashi, tsohon kashin shanu da ya ruɓe hannu ɗaya yafi min.

Rana kuma tana so aƙalla awa 6, waɗanda ke ƙarƙashin darbejiya ka jawo su fili yau ɗinnan. Kar ka canza musu babbar tukunya don kaga saiwa ta cika, matsin take so. In furen ya kaɗe ka datse kan rassan, a sabon toho take fure, amma ka sa safar hannu wallahi ƙayarta ba wasa.