Amsa ga ƙanena mai digirin tarihi da ke son zama furodak manaja

Salam ƙanena, na ga saƙonka tun shekaranjiya, aiki ne ya sha min kai. Ka ce tarihi ka karanta, ba ka iya kodin (rubuta manhajar kwamfuta) ba, amma kana so ka fito waje kai mastas ko Allah zai sa ka zama furodak manaja (mai tsara abin da za a gina ko a gyara a manhajar kamfani), wai da irin takardarka ana shiga kuwa?

Ana shiga wallahi. Marigayiya Susan Wojcicki da ta riƙe YouTube tarihi da adabi ta karanta a digirin farko, Stewart Butterfield na Slack (manhajar hirar ma'aikata) falsafa yai. Shi kanshi aikin ana danganta asalinshi da kamfanin sabulu ne, Procter & Gamble, tun 1931, lokacin ina aka ga kwamfuta a ofis.

Ni nan ta sashen sauraron koken kwastomomi na shigo, kullum abin magana a kunne mutane na zazzaga min faɗa, har ina jin kunyar faɗin aikina. To sai na lura ƙorafi ɗaya ke ta dawowa, in an zo ɗora hoton katin shaida a manhajarmu sai ta cije, mutum ya gwada ya gwada ya gaji ya goge ta. Na dinga rubuta kowane kira a Excel, irin wayar mutum da inda ya maƙale, ranar mitin na ajiye ma injiniyoyi a gabansu, ashe ƙananan wayoyi ne ba sa iya tura babban hoto. Da aka gyara, manajan ya fara jana zaman tsara aiki, a nan na koyi Jira (manhajar bin diddigin aiki) da ɗan SQL (yaren ciro bayanai daga rumbun kwamfuta), da gurbi ya samu kuma ba su nemi bare ba.

Mastas ɗin nan dai kai a hankali, kuɗi ne mai yawa kuma ba kwalin ake dubawa ba, a intabiyu cewa za su yi wace matsala ka taɓa ganowa, me ka zaɓa a fara gyarawa, me ka ce a bari kuma don me. Ga batun biza, ba kowane kamfani ke yarda ya tsaya ma sabon shiga ba, na ga waɗanda hakan ya karya ma gwiwa.

Yanzu ka ɗauki manhaja ɗaya da kake amfani da ita kullum, ka zauna da mutum biyar ka kalli inda suke kakarewa, kar ka taya su, ka rubuta shafi ɗaya ka turo min mu duba tare ran Asabar in sha Allahu.