Tsohuwar kwamfuta da manhajar Linux

Tambaya: Malam, ina da shagon buga takardu a unguwar Zariya, Maradi. An ce mini kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, kwamfutata kuma ba ta ɗaukar sabuwar, wato Windows 11. Shin Linux, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta kamar Windows, za ta iya yi mini aikin yau da kullum?

Amsa: Malam, abin da aka faɗa maka gaskiya ne, domin tun 14 ga Oktoba 2025 aka tsayar da sabuntawar tsaro ta kyauta. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finlan a 1991, kyauta ce, kuma nau'inta da nake ba ka shawara shi ne Linux Mint, saboda fuskarta ta yi kama da wadda ka saba, tana kuma tafiya lafiya a kwamfuta mai RAM (ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta) giga 4.

A cikinta za ka tarar da LibreOffice, wanda ke buɗe takardun Word da Excel, sai dai wani lokaci layuka da jadawali sukan ɗan gusa, don haka ka duba takardar mai neman aiki da idonka kafin ka buga, ko ka mayar da ita PDF.

Abin da ya fi damuna shi ne na'urarka ta bugawa, tunda ita ce abincinka. Ka sa Mint a makullin USB, ka tayar da kwamfutar daga kansa ba tare da ka goge komai ba, ka buga shafi guda mai ɗauke da ƙ da ɗ da ƴ. In ya fito tsaf, ka kwafe takardun jama'a a wani wuri, sannan ka girka Mint a cikin kwamfutar.