Amsa ga 'yar'uwa mai tambaya kan makomar Yahudawa a lahira

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kin karanta aya ta 62 a Suratul Baƙara, inda aka ambaci Yahudawa cikin waɗanda babu tsoro a kansu, ga shi kuma kin saba jin cewa wanda bai musulunta ba ɗan wuta ne, shi ne kike neman a warware miki. Na daɗe ina karantarwa a ajin manya, kuma da wuya mu iso wannan ayar ba a ɗaga min hannu ba.

Manyan masu tafsiri, irin su Ɗabari da Ibn Kasir, sun ɗora ayar a kan waɗanda suka bi annabinsu a lokacinsa. Bayahuden da ya riƙe Attaura tsakaninsa da Allah a zamanin Annabi Musa (AS) mumini ne, ba a ja a nan. An ma ruwaito cewa ta sauka ne da Salmanul Farisi ya tambayi makomar malaman da ya zauna da su kafin ya iso Madina. Game da bayan aiko Manzon Allah (SAW) kuwa, suna kafa hujja da Ali Imrana aya ta 85, cewa wanda ya nemi wani addini ba Musulunci ba, ba za a karɓa daga gare shi ba, da hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim, cewa Bayahude ko Banasaren da ya ji labarin Manzo sannan ya mutu bai yi imani ba yana cikin 'yan wuta. Akwai 'yan tsiraru na baya-bayan nan, kamar Fazlur Rahman, masani ɗan Pakistan da ya rasu a 1988, da suka bar ayar Baƙara a kan zahirinta, amma jumhur, wato mafi yawan malamai, ba su bi su ba.

Abin da ɗalibaina suka fi tsallakewa shi ne sharaɗin da ke cikin hadisin: sai ya ji. Wane irin ji? Allah ya ce a Isra'i aya ta 15 ba ya azabtarwa sai ya aiko manzo. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, da yake magana kan Rumawa da Turkawan zamaninsa, ya kasa su uku: wanda sunan Annabi bai taɓa isa kunnensa ba, da wanda gaskiya ta zo masa sarai ya ƙi, da wanda tun yana yaro abin da aka cusa masa kawai shi ne wani maƙaryaci ya yi da'awar annabci. Na ukun nan ya haɗa shi da na farko wajen uzuri. Ibn Taimiyya ma, da ba a san shi da sako-sako ba, ya tsaya a kan cewa babu azaba sai hujja ta tsayu a kan mutum. Shi ya sa nake hana ɗalibai nuna wani takamaiman mutum su ce ɗan wuta ne. Hukunci na gaba ɗaya daban, makomar wane ɗan wane daban, sai fa wanda nassi ya kira sunansa kamar Abu Lahabi.

Kiristoci su ma kansu a rabe yake. Masu riƙe da Linjilar Yohanna 14:6 suna cewa babu ceto sai ta hanyar Almasihu, Bayahude ko waninsa. Cocin Katolika kuwa ta sauya salo tun sanarwarta ta 1965 kan alaƙa da sauran addinai, mai suna Nostra Aetate, sannan a 2015 wani kwamitin Fadar Fafaroma ya rubuta cewa ba a fitar da Yahudawa daga ceton Allah ba, yana dogaro da Wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa sura ta 11 a Littafi Mai Tsarki, amma ya bar yadda hakan zai kasance a matsayin asirin Ubangiji. Su Yahudawan, a Mishna, tsohon kundin dokokin addininsu, sun rubuta cewa dukan Isra'ila suna da rabo a duniya mai zuwa, ban da wasu da aka keɓe, kuma malaminsu Musa bin Maimun, da ya rasu a Masar a 1204, ya ce wanda ba Bayahude ba shi ma yana da rabo idan ya kiyaye dokoki bakwai na 'ya'yan Nuhu.

Na ga wasu a ƙarƙashin tambayarki sun jawo maganar Gaza. Zaluncin da aka yi wa mutane yana da nasa hisabin, amma ba shi ne ma'aunin wannan mas'alar ba. Buhari ya kawo labarin yaro Bayahude da yake yi wa Manzon Allah (SAW) hidima. Da ya kwanta ciwo, Manzo ya je har gida dubiya, ya kira shi zuwa Musulunci, uban da kansa ya ce masa ya yi wa Abul Ƙasim, wato Manzo, biyayya, yaron ya musulunta, Manzo ya fito yana gode wa Allah da ya tserar da shi daga wuta. Jumhur suna kafa hujja da wannan godiyar, ni kuma a aji nakan ƙara tsayawa a kan dubiyar. Allahu a'alam.