Kusurwar Natsuwa a Ajin Nazare: Tambayoyinku da Amsoshinmu

Assalamu alaikum. Ina koyar da yara 38 'yan shekara huɗu, ɗakin kuma ba shi da girma. An ce mu ware wurin da yaro zai je ya huce idan ya rikice. Ina zan samo fili, kuma me zan zuba a ciki? Daga wata malama a Tudun Wada, Zariya.

Wa alaikumus salam, Malama. Manufar ilimi ta Najeriya ta tanadi yara 25 ga malami ɗaya a wannan mataki, ke kuwa kina da 38, don haka ajinki ya fi kowane buƙatar irin wannan wuri. Ba ya kuwa cin fili. Mita ɗaya da rabi tsawo, mita ɗaya da rabi faɗi ya isa, domin yaro ɗaya ake so a ciki, in ta matsa biyu.

Ki zaɓi kusurwa, tunda bango biyu sun riga sun yi miki rabin aikin. Kada ta kasance kusa da ƙofa, inda kowane mai shiga da fita zai ja hankalin yaron, ko gindin allo, ko jikin bangon da ajin maƙwabta ke rera karatu a bayansa. A lokacin bazara ki dafa bangon da tafin hannunki da ƙarfe goma sha biyu. In kin ji zafi, nemi wata kusurwar, don yaron da ke gumi ba ya hucewa.

Gefe na uku ki tare shi da gajeriyar kanta mai tsayin santimita 60 zuwa 70. A wannan tsayin, yaron da ya zauna ya ɓace wa idon 'yan'uwansa, ke kuma da kike tsaye kina hango shi. Gefe na huɗu a bar shi buɗe, yana fuskantar inda kika fi tsayawa. Ki sa kafinta ya kafe kantar a bango da ƙarfe mai lanƙwasa, domin ba makawa wata rana wani zai taka ta ya hau. Ban da labule mai igiya, ban da akwati mai murfin da yaro zai shige.

A ƙasa: tabarma, siririyar katifa mai rigar leda, matashin kai biyu. A kan kanta: littattafan hoto uku ko huɗu, 'yar tsana ɗaya ta ƙyalle, sai gorar ƙyalli. Shi ke nan. Kuskuren da aka fi yi shi ne cika wurin da kayan wasa, sai ya koma filin rububi. Bangon ma a sauke masa jadawalin baƙaƙe da lambobi, a shafa masa shuɗi mai haske ko kore mai sanyi, a liƙa takarda ɗaya tak daidai idon yaron da ke zaune, mai zanen fuskoki huɗu: murna, fushi, tsoro, baƙin ciki. Wanda kuka ya hana shi magana yana iya nuna miki da yatsa.

Gorar ƙyalli kuwa da hannunki za ki haɗa ta. Samo gorar roba ta rabin lita, ki cire takardar jikinta. Zuba gam mara launi kwatan gorar, ƙyalli cokalin shayi biyu, ki cika da ruwan ɗumi, ki bar ɗan sarari a wuya. In an girgiza, ana so ƙyallin ya ɗauki minti ɗaya zuwa biyu kafin ya kwanta. Ya kwanta nan take, ƙara gam. Ya ƙi sauka, rage haɗin ki ƙara ruwa. Sai ki liƙe murfin da gam mai ƙarfi ki naɗe shi da salatif. Duk abin da za ki ajiye a wurin, ki gwada shi da kwalin tsakiyar tishu: in ya wuce ta ciki, zai iya shaƙe ƙaramin yaro.

Mun yi irin wannan wuri, amma yara sun ƙi shi. Da zarar an ce wa yaro ya je can sai ya ƙara kuka har da birgima. Daga wani shugaban makaranta a Maraɗi.

Malam, akwai alamar an mayar da wurin gidan horo. Yaron da aka daka wa tsawa aka ce "wuce can ka zauna" bai ga bambanci tsakanin wannan da durƙuso ko kamun kunne ba, kuma duk ajin sun gani sun ɗauka. Gyaran yana buƙatar kamar mako biyu.

A fara canza wa wurin fuska, ko da sabuwar rigar matashi ce, a raɗa masa sabon suna tare da yaran. Sannan a koya musu amfani da shi lokacin da suke cikin walwala, domin ba a koyar da yaro yana tsakiyar shessheƙa. Malamar ta shiga da kanta suna kallo, ta zauna, ta girgiza gorar, ta nuna numfashi: a ja ta hanci kamar ana shanshana turare, a fitar a hankali kamar ana hura koko mai zafi, sau biyar. Daga nan kowane yaro ya samu nasa zagaye na minti biyu, har a gama ajin cikin kwanaki. Ranar da wani ya rikice, malamar ta rage tsawo ta yi masa tayi da murya ƙasa-ƙasa: "Za ka je ka ɗan huta, ko in raka ka?" In ya ƙi, a ƙyale shi. Ɗan shekara uku sau da yawa ba ya iya hucewa shi kaɗai, sai babba ya zauna kusa da shi. Shi ne kuma zai fito da ƙafarsa idan ya shirya, yawanci cikin minti uku zuwa biyar. Maganar abin da ya yi, in ya doki wani ne, tana zuwa bayan nan.

Wanda ya mayar da wurin ɗakinsa, kullum yana can lokacin rubutu, a duba dalili: yunwa, rashin barci, ko bai gani sosai, ko aikin ne ya fi ƙarfinsa.

Na ji ana liƙa kwalin ƙwai a bango don rage ƙara. Gaskiya ne? Daga wata uwa a Kano.

Hajiya, kada ku ɓata gam ɗinku. Kwalin ya yi siriri, ba ya tare ƙara, yana kama wuta da sauri, kyankyasai kuma suna son bayansa. Abin da ke rage amsa-kuwwa a ɗaki mai daɓen siminti shi ne abu mai kauri da laushi: bargo ko zane mai nauyi a rataye lif da bango. A kuma yanka tsofaffin silifas a buga a ƙarƙashin ƙafafun kujeru da benci, don jan kujera a kan siminti na cikin abin da ya fi firgita yara.

Kafet ko tabarma, wanne ya fi? Daga wata mai gidan renon yara a Gombe.

Tabarma, Malama, musamman ta roba, wadda ake wankewa ta bushe cikin awa guda. Kafet yana shanye fitsari da kunu, da hunturu kuma yana tara ƙurar da ke tayar wa masu asma da ciwonsu. Tabarmar kaba tana da sanyi, sai dai bakinta kan warware ya soki yaro, don haka a kai wa tela ya bi gefen da ƙyalle.

Matashin kai ne ya fi buƙatar ido, domin ta nan makero da ƙwarƙwata ke bi daga kai zuwa kai. A ɗinka wa kowanne riga biyu, a sauya duk ranar Juma'a, a wanke da ruwan zafi, a shanya matashin kansa a rana. Ledar katifa a goge ta kullum da ruwan sabulu. Kowace safiya, kafin yara su shigo, a ɗaga tabarmar a kakkaɓe, a leƙa bayan kanta, saboda kunama na son irin wannan lungu, musamman da zafi da farkon damina.